Me ake nufi da sarrafa yanayin duniya?

Maganar ta fara yawa a labaran ɗumamar yanayi: sarrafa yanayin duniya, abin da masana ke kira jiyo'injiniyarin. Nufinsa shi ne ɗan Adam ya sa hannu da gangan ya rage zafin duniya baki ɗaya, tunda an kasa rage hayaƙin fetur, gas da kwal yadda ya kamata. Ya sha bamban da harbin gajimare da jirgi don neman ruwa, irin wanda aka gwada a Nijar a 2022, wanda bai wuce yanki ɗaya ba.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko, a janye iskar kabon, wadda ke cikin wannan hayaƙi kuma take riƙe zafi, daga sama. A ƙasar Ayisland an buɗe wata masana'anta a 2024 da aka gina don zuƙe tan 36,000 a shekara, alhali duniya na fitar da sama da tan biliyan 35. Itatuwa ma suna wannan aiki, kuma mu a Maradi mun san shi: sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo a gona ana yi masa aski, nan ya faro a shekarun 1980, har ya rayar da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Wannan ba ni da ja a kansa.

Ta biyun ce ke tayar mini da hankali. Ana so jirage su hau kimanin kilomita 20 su watsa ƙurar farar wuta, ta zama kamar rumfa tsakaninmu da rana. Daga duwatsu masu aman wuta aka ɗauko dabarar. Da dutsen Pinatubo na Filifin ya fashe a 1991, ya tura tan miliyan 15 zuwa 20 na hayaƙin farar wuta sama, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. A 2006 Paul Crutzen, mai lambar Nobel, ya ce a yi nazarin kwaikwayon haka.

To amma damina fa? Ruwanmu yana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. A 2013 masana a Ingila, ƙarƙashin Jim Haywood, sun nuna cewa in aka watsa ƙurar a arewacin duniya kaɗai, ruwa zai ja kudu, Sahel ta bushe. Sun kuma lura cewa fari mai tsanani ya biyo bayan fashewar duwatsun Katmai a Alaska a 1912 da El Chichón a Meziko a 1982, duka a arewacin duniya. Dattawanmu suna da sunayen shekarun yunwar da suka biyo baya: Kakalaba da El Buhari. Dutsen ba shi kaɗai ya jawo yunwar ba, amma wanda ya ga gero ya ƙone a tsaye kafin ya fid da kai ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ga kuma wata: ƙurar tana saukowa cikin shekara ɗaya ko biyu, kabon kuwa yana nan. In an fara, sai a yi ta yi. Ranar da aka daina, zafin da aka danne zai dawo gaba ɗaya.

Shi ya sa ministocin muhalli na Afirka suka nemi a hana amfani da ita a 2023, kuma a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024 aka janye ƙudurin da Suwizalan ta kawo kan batun. Har yau babu wata yarjejeniya da ta fayyace wa zai ba da izinin watsawa, ko wa zai biya manomin Dakoro da na Tasawa diyya in damina ta ɗauke a watan Agusta.