Zaɓen Taya Idan Za A Ƙara Wa Motar Gida Ƙarfin Ɗaukar Nauyi

Motar gida mota ce da aka gina wa ɗakin kwana, madafa da banɗaki a bayanta, iyali su yi doguwar tafiya a cikinta suna yada zango inda dare ya same su. Ta fi yawa a Jamus, Faransa, Italiya, Birtaniya da Amurka. Ƙara mata ƙarfin ɗaukar nauyi shi ne a ɗaga iyakar nauyin da doka ta amince ta kai idan an yi mata lodi, a sauya mata farantin shaida da takardu. A wannan aiki taya ce ta fi yawan tsayar da magana, domin sau da yawa sauran sassan motar suna da sararin ƙari, amma tayoyin baya sun riga sun kusa kaiwa ƙarshen ƙarfinsu tun daga masana'anta.

Dalilin ƙarin

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya lasisin tuƙi na rukunin B ya tsaya ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500. Saboda kasuwa, masu ƙera motocin gida sukan yi wa mota rajista a kan wannan adadi ko da ƙarfenta zai iya ɗaukar fiye da haka. Matsalar ita ce motar da kanta ta cinye mafi yawansa. Abin da ya rage wa fasinjoji, ruwa, tukwanen gas, kekuna, rumfa da kayan abinci bai taka kara ya karya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 kaɗai ya tafi da kilo 100. Ga kuma dokar Turai da ta ba masana'anta rangwamen kashi 5 cikin ɗari a nauyin da suka rubuta wa mota, abin da ke nufin motar da aka ce kilo 3,000 ce tana iya fitowa da 3,150.

Wanda ya haye 3,500 yana buƙatar lasisin C1, mai kaiwa kilo 7,500. A Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 suna da shi kai tsaye, sai dai idan sun kai shekara 70 dole likita ya duba su kafin su ci gaba da riƙe shi. Akwai wasu ɗawainiyoyin kuma: a manyan titunan Jamus gudun irin wannan mota ba ya wuce kilomita 100 a awa, a Ostiriya kuɗin hanya ya koma na na'urar GO-Box, mai lissafa kuɗi gwargwadon nisan tafiya, a Faransa kuwa tun Janairun 2021 sai an manna takardun gargaɗin wuraren da direba ba ya gani.

Lambobi huɗu a kan faranti

Mafi yawan motocin gida na Turai a kan shasin (wato gindin ƙarfen mota) Fiat Ducato ake gina su, ko tagwayensa Peugeot Boxer da Citroën Jumper, waɗanda ake haɗawa a masana'antar Sevel da ke Atessa a Italiya. (Tsohuwar Peugeot J5 da ake lafta wa buhunan hatsi a hanyoyin Arewa daga wannan gida ta fito, tare da Ducato na farko a 1981.) A jikin motar akwai farantin ƙarfe mai lambobi jere: iyakar nauyin motar gaba ɗaya, iyakarta tare da abin da take ja, sai mai lamba 1 wato iyakar aksil (sandar da ke haɗa ƙafafu biyu) na gaba, da mai lamba 2 wato iyakar aksil na baya. Idan kamfanin da ya gina ɗakin ya ƙara nasa farantin, na ƙarshe ake bi.

A ƙaramin shasin Ducato an saba ganin kilo 1,850 a gaba da 2,000 a baya. Jimillarsu 3,850 ce, ta fi 3,500 da aka rubuta a sama. Wannan tazara ce ke sa wani lokaci a ɗaga nauyin mota a takarda kawai, ba a taɓa ko da noti ɗaya ba. Amma mai motar da ya samu ƙarin takarda bai samu ƙarin komai a baya ba: 2,000 tana nan a 2,000. Kuma baya ne inda nauyin ke taruwa.

Dalilin yana cikin ƙirar motar. Ɗakin yakan zarce ƙafafun baya da mita biyu ko fiye, kuma a can ƙarshen ake samun ma'ajiyar kaya da maratayin kekuna. A ɗauka tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 4 ne, aka rataya babur mai kilo 100 a nisan mita 2 bayan aksil na baya. Aksil na baya ba 100 zai ɗauka ba, 150 zai ɗauka, na gaba kuma ya rage 50. Mota tana iya zama ƙasa da iyakarta gaba ɗaya alhali tayoyin bayanta suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu, sitiyari kuma ya yi sako-sako saboda gaba ya yi sauƙi, ga shi Ducato da ƙafafun gaba take ja.

Shi ya sa aikin ke farawa daga sikelin auna motoci. Ana cika tankin mai da na ruwa, a loda kaya kamar ranar tafiya, fasinjoji su zauna a kujerunsu, a hau sikeli da ƙafafun gaba a rubuta, a hau da na baya a rubuta, sannan a auna duka. Inda akwai sikelin da ke auna kowace ƙafa ita kaɗai ya fi, domin ɓangaren da firji da murhu da tankin ruwa suke yakan rinjayi ɗaya ɓangaren.

Karanta gefen taya

A gefen tayar ƙaramin Ducato za a ga rubutu kamar haka: 215/70 R15 C 109/107 R. Lamba 215 faɗin taya ne da milimita. 70 na nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin. 15 girman rim ne da inci. Harafin C alamar tayar motocin kaya ce, mai ƙarfin jiki fiye da ta ƙananan motoci. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190.

Lambar da ta shafi wannan magana ita ce 109. Ba kilo ba ce, lamba ce da ake dubawa a jadawalin da masu ƙera taya suka amince da shi. 109 na nufin kilo 1,030 ga kowace taya, 112 na nufin 1,120, 116 na nufin 1,250, 118 na nufin 1,320, 121 kuma 1,450. Lamba ta biyu, 107, ta motar da ke da tayoyi bibbiyu a kowane gefen baya ce. An rage ta ne saboda a kan hanya mai doro tagwayen tayoyi ba sa raba kaya daidai.

Tayoyi biyu masu lamba 109 suna ɗaukar 2,060. A kan aksil mai iyakar 2,000 rarar da ta saura kilo 60 ce kacal. Ƙungiyar TyreSafe ta Birtaniya, mai wayar da kai kan lafiyar taya, na ba da shawarar kada nauyin da ke kan tayar motar gida ya wuce kashi 90 cikin ɗari na ƙarfinta, ka ga wannan lissafin bai ma kusanci hakan ba. Masu ɗaga nauyin ƙaramin shasi zuwa 3,850 sukan koma taya 225/70 R15 mai lamba 112, wadda biyunta ke ba da 2,240, su haɗa da jakunkunan iska masu tallafa wa sifirin na baya. Daga nan ne adadin 2,240 da ake yawan gani a sabon faranti ya samo asali, wato an rubuta iyakar aksil daidai da ƙarshen ƙarfin taya. Doka ta gamsu da hakan, amma babu rarar ko kilo ɗaya, kuma wanda zai riƙa tafiya da lodi har wuya ya fi dacewa ya nemi lamba mai girma.

Babban shasi, wanda ake kira Maxi, yana zuwa da rim mai inci 16 da taya 225/75 R16, aksil na gaba 2,100, na baya 2,400. A wannan girman ana samun lambobi 116, 118 da 121, don haka zaɓi ya fi yalwa. Ba a ɗauko rim ɗin Maxi a ɗaura wa ƙaramin shasi ba, saboda da'irar ramukan notinsu ta bambanta: milimita 118 a ƙarami, 130 a babba.

C ko CP

Ƙungiyar ETRTO da ke Brussels, mai tsara ma'aunan taya da rim a Turai, ta ware alamar CP ga tayoyin motocin gida. Michelin Agilis Camping da Continental VancoCamper na cikinsu. Bambancinsu da na C ba a lambar nauyi yake ba, 109 ɗin ɗaya ce. An ƙarfafa jikinsu ne don yanayin aikin motar gida, wadda kullum tana kusa da iyakarta, ba kamar motar kaya da ke sauke lodi ta dawo wayam ba, kuma takan yi watanni a tsaye a wuri guda. ETRTO na so a hura tayar CP ta baya zuwa matsin iska na bar 5.5, kimanin fam 80 (psi). Da yawa daga masu motocin na kukan cewa wannan iska na sa mota tsalle, kofuna da cokula su yi ta ƙara a cikin kabad, sai su koma tayar C mai babbar lamba su hura ta gwargwadon nauyin da sikeli ya nuna. Hakan na yiwuwa idan adadin iskar daga jadawalin kamfanin tayar ya fito. Rage iska da ka don neman laushi kuwa ganganci ne.

Iska ce ke ɗaukar kaya, roba da waya riƙe ta kawai suke yi. Ƙarfin da aka rubuta a gefen taya yana tabbata ne a kan cikakkiyar iskar da aka gwada ta da ita. Idan iska ta gaza, gefen taya na lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, zafi ya taru, wayoyin ciki su rabu da roba, taya ta fashe ana tsaka da gudu. Ana auna iska tun taya na da sanyi, kafin mota ta motsa. Bawul na roba da aka saba gani iyakarsa wajen bar 4.5 ne, abin da ya haura haka sai na ƙarfe ko wanda aka yi don iska mai ƙarfi. Wannan ƙaramin abu ne da masu faci kan manta.

Cewa lamba kaɗai ba ta wadatar ya bayyana a Amurka. A Yunin 2022 kamfanin Goodyear ya janye tayoyi kimanin 173,000 samfurin G159, girman 275/70 R22.5, waɗanda aka ƙera daga 1996 zuwa 2003, bayan binciken hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar. An tsara su ne don motocin rabon kaya a cikin gari, aka sa su a manyan motocin gida masu dogon gudu a babban titi.

Abin da ke tafiya tare da sabuwar taya

Shi ma rim yana da nasa iyakar nauyi, musamman na alminiyam, kuma faɗinsa sai ya dace da faɗin tayar. Sauya girma na sauya tsayin ƙafa: 215/70 R15 na da kimanin milimita 682 daga ƙasa zuwa sama, 225/70 R15 kuma 696. Ƙarin kashi 2 cikin ɗari ne, yana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da abin da ya saba nunawa, dokar Turai kuwa ba ta yarda agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota ba. Tayoyin aksil ɗaya su zama iri ɗaya, safaya ma ta kai lambar sababbin.

Mai zuwa ƙasashen ƙanƙara zai duba alamar tayar hunturu a gefen taya, wato dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki. Jamus ta daina karɓar alamar M+S (laka da ƙanƙara) ita kaɗai daga Oktoban 2024, yankunan duwatsun Faransa kuma na da dokar kayan hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Tayar motar gida ba kasafai zanenta ke cinyewa ba, tsufa ke kashe ta: rana da dogon zama suna tsattsaga gefenta tun haƙoranta na nan daram. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin ranar haihuwarta, 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Michelin na cewa a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma.

Taya mai ƙarfi ba ta ɗaga iyakar doka da kanta. Birki, sifirin da aksil na da nasu iyakoki, kuma sai injiniyan da aka amince da shi ya ba da sabon faranti. A Birtaniya ana aika takardar rajistar mota (V5C) ga hukumar lasisi da rajistar motoci (DVLA) ta gyara nauyi da rukunin haraji, a Jamus masu gwaji irin su TÜV ko DEKRA ke dubawa kafin a shigar da sabon adadin da girman tayar a takardun mota. Ana kuma sanar da kamfanin inshora, domin sauyin da ba a bayyana ba yana iya zama hujjar ƙin biyan diyya idan an yi haɗari.