Waiwaye: Yadda aka daɗe ana neman linzamin wutar lantarki

A daren 4 ga Nuwamba 2006 aka kashe wani layin dakon wuta da ya ƙetare kogin Ems a arewacin Jamus, don wani sabon jirgin ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa lafiya. Wutar da layin ke ɗauke da ita ba ta tsaya jira ba. Ta kwararo kan layukan da ke kusa, kaya ya yi musu yawa, suka riƙa katsewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a ce kwabo, gidaje wajen miliyan 15 a Turai suna cikin duhu.

Halin wuta ke nan tun asali. Ba ruwanta da yarjejeniyar ciniki ko iyakar ƙasa. Inda hanya ta fi sauƙi nan take rinjaya, kamar ruwa a gangare. Masanin kimiyya Bajamushe Gustav Kirchhoff ya rubuta ƙa'idar rabuwarta tun 1845, ba a ma gina tashar wuta ko ɗaya ba.

Da farko abin bai dami kowa ba, don tashar da Edison ya buɗe a New York a 1882 unguwa guda take ba wuta. Sai a 1891 aka tura wutar AC, wato mai kai da komo a waya, daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tafiyar kilomita 175. Daga nan layuka suka fara sarƙewa kamar saƙar gizo, wani yana nishi da kaya, na kusa da shi yana hutawa.

Dabarar farko ta juya akalar wutar ita ce taransifoma ta musamman, mai ɗan gaggauta ko jinkirta bugun wutar a layi ɗaya har ta karkata zuwa wani. Tana aiki, sai dai a hankali, tunda ƙarfe ne ke motsi a cikinta. A 1954 Suwidin ta bi wata hanya: ta kai megawat 20 tsibirin Gotland ta ƙarƙashin teku da wutar DC, wato mai gudana gefe ɗaya ba kai da komo. A irin wannan layi, adadin da mai kula ya sa shi ke wucewa, ba ƙari. Tsadar tashoshin da ke juya wutar tsakanin AC da DC a bakin layin ce cikas.

Tayirista, makunnin lantarki marar motsi, ita ta kawo sauri. A ƙarshen shekarun 1980 injiniya Narain Hingorani ya tattara na'urorin da aka gina a kanta ƙarƙashin sunan FACTS, masu daidaita layi cikin ƙiftawar ido.

Amma abin mamaki, tsohuwar dabara ba ta mutu ba. Da wutar iska ta arewacin Jamus ta riƙa ratsawa ta layukan Poland da Czech ba gayyata, a hanyarta ta zuwa kudu, taransifoma mai karkatar da wuta aka girka a kan iyakokin, a 2016 da 2017.