Ƙofar Haske a Gilashin Kyamarar Tsaro

Ƙofar haske, wadda masu haɗa kyamara ke kira airis, wasu siraran ganyayyaki ne a cikin gilashin kyamara, suna buɗewa ko tsukewa domin ƙayyade hasken da zai kai ga sensa, wato ɓangaren kyamara da ke mayar da haske hoto. Haka ƙwayar idon mutum take yi, ta ƙanƙance a rana, ta buɗe a duhu. Da lambar F ake auna faɗinta, kuma ƙaramar lamba ce babbar ƙofa: hasken da F1.4 ke shigarwa ya ninka na F2 sau biyu.

A kyamarorin tsaro akwai ta hannu, akwai mai sarrafa kanta. Ta hannu zobe ne da ake murɗawa ranar da aka kafa kyamara, a ɗaure shi, shi ke nan. Tana da araha, ba ta da injin da zai lalace, kuma ta wadatar a ofis ko cikin kanti inda fitila ɗaya ke ci safe da yamma.

Waje kuwa wani abu ne daban. Hasken rana tsaka yakan kai lux 100,000 (lux shi ne awon ƙarfin haske), na farin wata bai cika lux 1 ba. Idan aka saita ta hannu don dare, hoto ya yi fari fat da rana. Idan aka saita ta don rana, ya yi baƙi ƙirin bayan magariba. Saboda haka bakin ƙofar gida, wurin ajiye motoci, har ɗakin da ke fuskantar babbar taga, sun fi dacewa da mai sarrafa kanta.

Ita ma iri-iri ce. A samfurin bidiyo, na'urar da ke yanke hukuncin buɗewa ko tsukewa tana cikin gilashin. A samfurin DC tana cikin kyamarar, sai a haɗa su da filogi mai ƙafa 4. A 2009 kamfanin Axis na Suwidin da Kowa na Japan suka fito da P-Iris, wadda ɗan inji ke tsayar da ita daidai inda hoto ya fi fita. Dalili kuwa, ƙofar da ta tsuke fiye da kima tana warwatsa haske, hoto ya dushe, musamman a kyamara mai megafiksel da yawa, wato mai yawan ɗigogin hoto.

Akwai kuskuren da ke jawo asara sosai, kuma bai kamata a raina shi ba. Da rana ƙofa a tsuke take, na kusa da na nesa duk su fito sarai, sai mai haɗawa ya ɗauka saiti ya yi. Dare na yi ƙofar ta buɗe, zurfin gani, wato iya nisan da abubuwa ke fita sarai, ya ragu, fuskar ɓarawo ta fito dishi-dishi a daidai lokacin da ake buƙatarta. Shi ya sa ƙwararru ke saita gani da almuru, ko su kara gilashi mai rage haske a gaba, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya kafin su ɗaure zoben saita gani.