Shiga makarantar koyon aikin jinya a Jos da kewaye

Makarantar koyon aikin jinya ita ce wurin da ake horar da mai son zama nas, mace ko namiji, har ya cancanci rajista da lasisin duba majinyaci. A Najeriya makaranta tana koyarwa ne kawai, lasisi kuwa yana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, mai hedikwata a Abuja. An kafa ta a shekarar 1979 bayan an haɗe hukumar ungozomomi da majalisar ma'aikatan jinya, waɗanda suka samo asali tun zamanin Turawa. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ita ce kuma ke shirya jarrabawar ƙarshe. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin makaranta ko kyan gininta, ana fara tambaya ne ko majalisar ta san da ita.

Hanyoyin karatun

Tsohuwar hanya, wadda akasarin manyan nas-nas da ke asibitoci yanzu suka bi, ita ce shekara 3 a makarantar da ke jingine da asibiti, a fito da takardar RN ta jinya ko RM ta ungozoma. Wannan hanya ta haifar da ƙwararru, sai dai takardarta ta sana'a ce zalla, ba ta da matsayin difloma ko digiri a tsarin ilimin ƙasa, abin da ya daɗe yana ci wa masu ita tuwo a ƙwarya wajen ƙarin girma da ƙaro karatu. Shi ya sa majalisar ta umarci makarantun su koma kwaleji. A sabon tsarin ana yin shekara 2 na ƙaramar difloma, a zarce shekara 2 na babbar difloma, ƙarƙashin kulawar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna tare da majalisar, kuma ta JAMB ake shiga.

Hanya ta biyu digiri ne na jami'a, BNSc, shekara 5, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara digirin jinya a ƙasar nan a 1965. Wanda ya riga ya mallaki RN yana iya shiga jami'a kai tsaye ba daga ajin farko ba. Akwai kuma kwasa-kwasan ƙwarewa bayan RN, na shekara guda zuwa wata 18, irin su kula da masu ciwo mai tsanani, aikin ɗakin tiyata, jinyar ido da jinyar masu taɓin hankali.

Mutane da dama suna gwama aikin jinya da kwas ɗin CHEW, wato na ma'aikatan lafiyar al'umma, da ake yi a kwalejojin kimiyyar lafiya, kamar wadda ke Pankshin. Shi ma aiki ne mai daraja, kuma shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma hukumarsa daban ce, lasisinsa daban, wanda ya gama shi kuma ba a yi masa rajista a matsayin nas.

Abin da ke Jos

Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana da sashen kimiyyar jinya, ɗalibanta na koyon aiki a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo. Kwalejin jinya da ungozoma ta gwamnatin Jihar Filato tana Vom, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, ana bi ta Bukuru. Akwai makarantun mishan waɗanda suka daɗe a wannan fanni, domin asibitocin mishan na cikin waɗanda suka fara koyar da jinya a yankin, ga kuma masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa. 'Yan Jos da yawa suna nema har a Bauchi, Gombe, Kafanchan da Lafiya, wasu kuma a kwalejin Birnin Tarayya da ke Gwagwalada, musamman idan gurbi ya yi wuya a gida.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba, wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke so. Babu darasin da ke maye gurbin wani. Yarinya tana iya zuwa da sakamako mai kyau ƙwarai, A da B a jere, amma D7 guda a fiziks ya tsayar da ita shekara cur. Wannan na nufin shawarar zama nas tana farawa ne tun ajin SS1, ranar da aka raba ɗalibai tsakanin kimiyya da sauran fannoni. Iyaye da yawa a Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos ba sa jin wannan bayani sai bayan 'yarsu ta gama sakandare a ajin adabi, kuma abin takaici ne, domin magana ce ta minti biyar da ta kamata malamai su yi da iyaye tun da wuri. Wadda ta samu kanta a haka ba ta rasa hanya ba, sai dai za ta koma ta karanci darussan kimiyya ta sake zana jarrabawa.

A JAMB darussan su ne Ingilishi, fiziks, kemistiri da bayoloji, tambaya 180 a kwamfuta, jimillar maki 400. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. A 2025 an tsayar da maki 140 a matsayin mafi ƙaranci ga kwalejojin jinya, 150 ga jami'o'i, da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Kada wannan lamba ta ruɗi kowa. Ƙasan tsani ce kawai, domin jinya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a ƙasar nan, kuma makin da ke samar da gurbi a zahiri ya ɗara haka nesa ba kusa ba, musamman a jami'a.

Yadda ake nema

Mai nema zai zaɓi makarantar a fom ɗin JAMB, kuma yawancin makarantu ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Idan an yi kuskure akwai damar canjin makaranta a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Sai ya ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin JAMB, matakin da mutane ke yawan mantawa. Bayan nan makarantar za ta sayar da nata fom ɗin na tantancewa, ta yi jarrabawa, wasu su ƙara da intabiyu. Gurbin gaskiya shi ne wanda ya bayyana a manhajar CAPS ta JAMB, ɗalibi ya karɓa da hannunsa. Takardar da wani ya miƙo a ambulan ya ce shi ya nemo, alhali CAPS ba ta nuna komai, ba abin dogaro ba ce.

Wajen rajista a lura da abu uku da ke jawo wahala daga baya. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, WAEC da JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya cin watanni ana gyara. Lambar waya da imel su zama na ɗalibin ne, ba na mai shagon intanet ba. Kuɗi kuma a biya ta hanyar da makarantar ta sanar a shafinta, ba asusun wani mutum ba.

Akwai batun takardar zama ɗan jiha. Makarantun jiha suna fifita 'yan jiharsu a gurbi, wasu har a kuɗin makaranta, kuma a Jos wannan takarda tsohuwar taƙaddama ce da Hausawan garin suka sani sarai. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Iyali su zauna tun kafin sayen fom su duba wace takarda ke hannunsu, su zaɓi makarantar da za ta yi aiki da ita.

Amincewar majalisa da lambar ɗalibi

Nan ne aka fi yin asara, kuma asara ce mai ciwo. Majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa ta waya. Amincewar ma kwas-kwas ce: ana iya yarje wa makaranta koyar da ungozoma ba a yarje mata jinya ba. Bayan ɗalibi ya shiga, makarantar za ta tura sunansa majalisa a ba shi lamba, abin da ɗalibai ke kira indeksin. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zana jarrabawar majalisa ba, ko da ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Makarantar da aka ba guraben mutum 100 ta ɗebi 200, rabin ɗalibanta suna zaune ne a kan ƙaya. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 cewa an ɗaga yawan guraben jinya na ƙasa daga 28,000 zuwa 64,000, abin da ya buɗe ƙofa ga mutane da yawa, amma har yanzu kowace makaranta da iyakarta.

Irin abin da ke faruwa ke nan: uba ya sayar da fili ko ya karɓi adashi, ya kai 'yarsa wata makaranta da ke saman benen wani ƙaramin asibiti. An ɗinka mata farin yunifom, unguwa ta fara kiranta Nas, maƙwabta na kawo mata yara ta duba. Bayan shekara 3 ta je neman aiki, ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Malama, ina lambar rajistarki ta majalisa?" Ta dawo gida ta ce, "Baba, sun ce makarantar ba ta cikin jerin." Irin waɗannan su ake kira ogzilari, suna ƙarewa a ƙananan asibitoci da shagunan magani kan albashin da bai taka kara ya karya ba, doka kuma ba ta san su a matsayin nas ba. Tambaya biyu a ranar farko za su hana wannan: guraben mutum nawa majalisa ta ba ku, kuma ɗaliban bara duk sun samu lambarsu? Gara a ji amsar daga bakin ɗaliban da ke ciki.

Sauran abin dubawa

Jinya a gefen gado ake koyonta, don haka asibitin da makarantar ke tura ɗalibai ya fi ajin karatu muhimmanci. A tambayi ko yana da majinyata da yawa, da ɗakin haihuwa, da na yara, da na tiyata. A tambayi yawan waɗanda suka ci jarrabawar majalisa a shekarun baya. Kuɗin makaranta ba shi kaɗai ba ne: akwai yunifom, kayan aiki, kuɗin indeksin, na jarrabawa, da na mota zuwa wuraren koyon aiki. Ɗakin kwanan ɗalibai abu ne babba ga mai aikin dare a asibiti a garin da akan sa dokar hana fita idan an samu tashin hankali, ga kuma sanyin Disamba da Janairu, wanda na Vom ba ya wasa. Majalisar ta amince wa Musulma ta sa gajeren hijabi tare da yunifom, amma yana da kyau a san yadda kowace makaranta ke tafiyar da hakan, da lokacin salla, da matsayinta kan matar aure ko mai juna biyu.

Samun gurbi ma ba shi ne ƙarshe ba. A tsohon tsari watanni 6 na farko, waɗanda ake kira PTS, na tankaɗe da rairaya ne, kuma har yau makarantu na sallamar wanda ya gaza a zangon farko kafin a tura sunaye majalisa. Wanda ya tsallake shi ake yi wa bikin sa hula da rantsuwa. A ƙarshen karatu akwai jarrabawar makaranta ta share fage, sannan ta majalisa, wadda ake yi a kwamfuta tare da gwajin aiki a aikace, ɗalibi na zagaya tebur-tebur ana duba yadda zai auna hawan jini, ya wanke ciwo, ya yi wa majinyaci bayani. Jarrabawar jinya tana zuwa a Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba. Wanda ya ci sai a yi masa rajista a ba shi lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara 3 bayan halartar kwas ɗin ƙarin sani.