Fina-finan The Rock: amsar tambayoyin da kuka ƙi daina maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, yau a amsa gobe wani ya sake jefo su. Ga su wuri ɗaya. Wanda ya zo da wadda aka riga aka amsa, nan za a turo shi.

The Rock da Vin Diesel mutum ɗaya ne?

A'a. Sanƙo ne kawai ya haɗa su. The Rock sunansa Dwayne Johnson, an haife shi ranar 2 ga Mayu 1972 a garin Hayward na jihar Kaliforniya. Vin Diesel bai taɓa zama ɗan kokawa ba. A Fast Five ma ai su biyun ne suka ba hammata iska, ta yaya mutum zai daki kansa?

Wai ya mutu?

Bai mutu ba. Mahaifinsa, Rocky Johnson, wanda shi ma tsohon ɗan kokawa ne, shi ya rasu a Janairun 2020. Jarumin Fast & Furious da ya rasu a haɗarin mota kuwa Paul Walker ne, a Nuwamban 2013. Don Allah ku riƙa bincikawa kafin ku tura labarin mutuwar mutum a WhatsApp. Rai ba abin wasa ba ne.

Da wane fim zan fara?

In faɗa kake so, nemi The Rundown na 2003. Mutane sun manta da shi, amma a wajena har yau bai yi fim ɗin faɗan da ya fi shi ba. Ya fito a matsayin Beck, mai karɓo wa ubangidansa bashi, aka tura shi dajin Birazil ya ɗauko ɗan maigidan, sai ya faɗa hannun bos mai haƙar zinariya, wanda Christopher Walken ya taka. Beck ba ya son taɓa bindiga, don haka yawancin faɗan hannu da hannu ne. Akwai wurin da wasu 'yan tawaye ƙananan jiki suke lilo da igiya daga kan bishiya suna sauke masa ƙafa a ƙirji, suna jifa da shi kamar buhun gero. Ƙaton ne ke shan kashi, kuma kana ganin zafin a fuskarsa. Abin da fina-finansa na baya-bayan nan suka rasa ke nan.

In dariya kake so, Jumanji na 2017. Dabarar fim ɗin ita ce, wani yaro matsoraci mai suna Spencer ne ya faɗa cikin wasan gem ya tsinci kansa a jikin basamude. To kana kallon ƙwanji kamar turmi, amma mai jikin motsi kaɗan ke firgita shi. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 950 a sinimomin duniya, shi ya sa aka yi na biyu a 2019.

Kokawar da ya yi ta gaske ce?

An tsara wanda zai ci tun kafin a hau fage. Faɗuwar da raunin kuwa ba na wasa ba ne. A karawarsa da John Cena a babban taron kokawa na WrestleMania 29 a 2013, jijiyoyin ciki da na cinya sun tsinke masa daga ƙashin ƙugu, sai da aka yi masa tiyata kafin ya fara ɗaukar fim ɗin Hercules. Kokawa gado ce a gidansu: kakansa na wajen uwa, Peter Maivia, ɗan asalin Samoa, shi ma a fage ya yi suna. Shi kansa ƙwallon Amurka ya fara bugawa a Jami'ar Miami, wata ƙungiya a Kanada ta sallame shi a 1995, sannan ya shiga kamfanin kokawa na WWF a 1996 da sunan Rocky Maivia.

Ni uwa ce, yarana suna sonsa. Wanne zan iya saka musu a falo ba tare da na ji kunya ba?

Yauwa Hajiya, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Amsa ɗaya babu, don ya danganta da shekarun yaran, da abin da gidanku ya ɗauka abin kunya, da kuma wane kwafin fim ɗin ne ya shigo hannunki.

Kuskuren farko shi ne a ga fuskarsa yana murmushi a fosta a ce ai na yara ne. Mutumin nan ya yi fim ɗin Disney, ya kuma yi wanda babba ma zai kau da kai. A Amurka akwai alamar da ake ba kowane fim. PG na nufin yaro zai iya kallo da sa idon iyaye. PG-13 na nufin akwai abin da bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. R kuwa ba a barin ɗan ƙasa da 17 ya shiga sinima sai da babba.

Masu R ki cire su gaba ɗaya, babu shawara: Doom na 2005, Faster na 2010, Pain & Gain na 2013, Baywatch na 2017, da The Smashing Machine na 2025. Baywatch ne ya fi yaudarar iyaye saboda barkwanci ne, alhali cike yake da batsa da ashar da tsiraici. Pain & Gain akwai hodar ibilis da azabtarwa da kisa. The Smashing Machine labarin ɗan wasan faɗa Mark Kerr ne da jarabar allurar kashe zafi.

Masu PG su ne mafi sauƙi: The Game Plan na 2007, Race to Witch Mountain na 2009, Tooth Fairy na 2010, Journey 2 na 2012, da katun ɗin Moana na 2016 inda ya yi muryar Maui. The Game Plan ne na fi yarda da shi, labarin ɗan ƙwallo mai ji da kai da wata yarinya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce ita 'yarsa ce. Amma ko a nan kada ki saki jiki. Wanda ya ba fim ɗin alama ashar da jini da tsiraici yake ƙirgawa, ba ruwansa da aƙida. Maui a tatsuniyar mutanen tsibiran Fasifik rabi mutum ne rabi abin bauta, labarin Moana duka a kan haka aka gina shi. Wasu iyayen suna zama su yi wa yaro bayanin cewa tatsuniyar wasu mutane ce, wasu kuma ba sa so sam. Wannan ke za ki yanke, ba ni ba. Haka Red One na 2024, wanda shi PG-13 ne, labarin Kirsimeti ne daga farko har ƙarshe.

Rikicin yana wajen masu PG-13, kuma nan ne yawancin fina-finansa suke. Ba duka suka zama ɗaya ba. San Andreas da Skyscraper matsalarsu tsoro ce: girgizar ƙasa, gine-gine na ruftawa, yara a cikin benen da ke ci da wuta. Ɗan shekara 12 zai iya jurewa, ɗan shekara 6 ƙila ya kasa barci. Rampage akwai kada da kyarkeci masu cinye mutane, goggon birin kuma yana yin alamun rashin kunya da hannu. Jumanji, duk da yabon da na yi masa, akwai wurin da yarinyar da ta shiga jikin namiji take koyon yadda maza ke fitsari, ana ta barkwanci a kai, akwai kuma inda ake koya wa wata yadda za ta ja hankalin masu gadi. Central Intelligence na 2016, wanda ya yi da Kevin Hart, yana buɗewa ne da wani yaro tsirara a banɗakin makaranta, 'yan ajinsu suka ɗauko shi suka jefa gaban taro, a ƙarshe ma akwai tuɓe kaya a kan dandamali. Da suruki a falo, wannan ba zai yiwu ba.

Sai batun kwafi. Wasu fina-finan suna da kwafi biyu, na sinima da wanda aka ƙara wa abubuwan da aka yanke, Central Intelligence yana cikinsu. Mai tura fim a shago sau da yawa shi ma bai san wanne ne a kwamfutarsa ba. In kika ga an rubuta "unrated" ko "extended" a sunan fayil, alamar PG-13 ba ta shafe shi ba. Fassarar Hausa ma ba kariya ba ce. Mai fassara zai iya sauya magana, amma hoton yana nan yadda yake, wani lokacin ma shi ke ƙara nasa gishirin.

Abin yi dai shi ne: ki rubuta sunan fim da shekararsa a shafin bayanan fina-finai na IMDb, ki shiga sashen da aka ware wa iyaye, an jera duk abin da ke ciki. In babu data, ki fara kallo ke kaɗai, ko da gudu-gudu ne, ki riƙe mintin da za ki tsallake. Kuma kada hankalinki ya tashi in yaran sun riga sun ga wani daga ciki. Ki tambaye su me suka gani, ki yi musu magana a natse, yaro ya fi riƙe abin da aka yi masa tsawa a kai.

Shi ke yin tsalle-tsallen da kansa?

Faɗan kusa yakan yi. Faɗowa daga sama da birgima daga kan tudu akwai mai yi masa, ɗan'uwansa Tanoai Reed, tun daga The Scorpion King na 2002. Saura kuma kwamfuta ce. Babu mahalukin da zai riƙe jirgi mai saukar ungulu da sarƙa kamar yadda aka nuna a Hobbs & Shaw, kada yaro ya ce zai gwada wani abu.

Waɗanne Fast & Furious ne yake ciki?

Na 5 (2011), na 6 (2013), na 7 (2015), na 8 (2017), sai Hobbs & Shaw (2019), duk a matsayin Luke Hobbs. A na 7 yawancin fim ɗin yana kwance a asibiti, kada ka ce an yanke maka. Ba ya cikin na 9, saɓaninsa da Vin Diesel ya fito fili tun 2016. A na 10 ya leƙo ne na ɗan lokaci bayan an fara jero sunaye a ƙarshe, duk wanda ya yi saurin kashewa bai gan shi ba. Na 5 ne gwaninsu, wanda ake jan katafaren akwatin kuɗi da motoci biyu a titunan Rio.

Me ya sa fina-finansa suke kama da juna?

Saboda shi ke riƙe da ragamar yawancinsu. Kamfaninsa Seven Bucks, wanda ya kafa da tsohuwar matarsa Dany Garcia a 2012, yana cikin masu shirya su. Sunan ya samo asali ne daga dala bakwai da ya ce su suka rage masa bayan an sallame shi daga ƙwallo. In jarumi ne mai kuɗin fim, wa zai ce masa ya faɗi ƙasa? Shi ya sa za ka ga daji, riga ruwan ƙasa, ɗaga gira ɗaya, ƙaramin aboki mai surutu, jarumin kuma ba ya shan kashi na gaske. Red Notice da Jungle Cruise, duka na 2021, wannan cutar ce ta kama su. Abin yana ba ni haushi, don mutumin ya iya wasa in ya yarda a yi dariya da shi, ku duba Jumanji na biyu inda yake kwaikwayon tsoho mai mita.

Shi da John Cena da Dave Bautista wa ya fi?

Dukansu ukun daga kokawa suka shigo fim. A kuɗi da suna, The Rock. A barkwanci, Cena, don ba ya tsoron zama abin dariya, sai dai da yawan barkwancinsa na manya ne. A iya wasan kwaikwayo, Bautista. Ku kalli 'yan mintunan da ya yi a farkon Blade Runner 2049 na 2017.

Yaushe Black Adam na biyu zai fito?

Ku daina jira. Na 2022 bai kawo kuɗin da aka sa rai ba, aka sauya shugabannin DC, kamfanin da ke da fim ɗin, shi da kansa ya sanar a Disambar shekarar cewa ba ya cikin sabon tsarinsu na farko.

Na ce a tura min Jumanji, sai na ga wani fim daban.

Laifin suna ne. The Rundown na 2003 a wasu ƙasashe an sayar da shi da sunan Welcome to the Jungle, wanda kuma shi ne ƙarin sunan Jumanji na 2017. Jumanji na 1995 na Robin Williams ne, babu The Rock a ciki. The Scorpion King ma na farko kaɗai ya fito, sauran da suka biyo baya wasu ne suka yi. Ka riƙa faɗa wa mai shagon suna da shekara, ka kuma buɗe fayil ɗin ka gani kafin ka biya.