Kafin ka sauke kaya a Somalomo: abin da kurmi yake nema daga baƙo

Ɗan'uwa mai shirin saukowa daga Garwa, Marwa ko Ngaundere don buɗe shago ko sayen koko a ƙauyukan bakin Kogin Dja, da kai nake. Aikina kiwon lafiya ne, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda mutanenmu suke shiga kurmi da dabarun da suka saba da su a gida, alhali nan wata duniya ce daban.

Somalomo ƙaramin gari ne a gundumar Haut-Nyong, Jihar Gabas ta Kamaru. Daga Yawunde ana bi ta Ayos da Messamena, kuma ƙarshen hanyar jar ƙasa ce wadda ruwan sama ke mayarwa taɓo. A ƙetaren kogin gandun dajin Dja yake, mai faɗin kadada kusan 526,000, wanda aka keɓe tun 1950, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1987. Masu garin su ne Bajuwe da Baka. Damina biyu ake yi a shekara, ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ka riƙe wannan da kyau, domin a waɗannan watanni tafiyar da ke cin awa biyu tana iya cinye yini, kuma mara lafiya ba ya jiran hanya ta bushe.

A arewa mun san zazzaɓin cizon sauro da lokacinsa: ya zo da damina, ya lafa da hunturu. A nan ba shi da hutu. Gidan sauro mai magani ba kayan damina ba ne da za a naɗe a ajiye, kowane dare sai an shiga cikinsa, da maigida da yaron shago. Idan jiki ya yi zafi, a je a yi gwajin jini a ranar, kada a tsaya shan farasitamol ana cewa gajiya ce. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amai ba tsayawa, ko ya fara jijjiga, ko idonsa ya yi fari fat, a kama hanya da shi ko da tsakar dare ne. Allurar shawara kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani jan ƙuda mai cizo da rana, ya fi yawa a inuwar manyan itatuwa kusa da fadama, kuma hayaƙin itace yana jawo shi. Cizonsa yana sa wa mutum tsutsar da likitoci ke kira Loa loa, mutanen yankin kuma suna ce mata filer. Alamarta kumburi ne mai ƙaiƙayi da ke fitowa a hannu ko wuyan hannu, ya yi kwana biyu ko uku ya ɓace, ya sake ɓullowa a wani wuri. Wani lokaci a ga tsutsar tana ratsa farin ido. Abin yana da firgitarwa, amma yawanci ba ya makantarwa. Kada a sa allura, ko tsinke, ko ruwan taba a ido. A bar ta, a nemi ma'aikacin lafiya.

Haɗarin gaske yana wajen magani. Da yawanmu mun san ƙwayar Mectizan, wadda ake rabawa kyauta a arewa saboda makantar bakin kogi, mun sha ta shekara da shekaru lafiya lau. To, ga wanda ƙwayoyin Loa loa suka yi yawa a jininsa, musamman in sun haura 30,000 a cikin mililita ɗaya, shan Mectizan yana iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin kwana biyu ko uku: mutum ya rikice, ya kasa tsayuwa, ya kasa riƙe fitsari, ya suma, wani ma ya rasu. An ga haka a kudancin Kamaru tun shekarun 1990. Kuma mai ɗauke da su da yawa sau tari ba ya jin komai a jikinsa, garau yake yawo. Saboda haka don Allah, duk wanda ya zauna a kurmi, ko da ya koma gida arewa, kada ya sayi wannan ƙwaya a kasuwa ya sha don ƙaiƙayi. Idan masu rabo sun zo, ka faɗa musu inda ka zauna. A fara gwada jini, kuma da tsakar rana ake ɗibarsa, lokacin da ƙwayoyin ke fitowa cikin jini. Na fi son ka ɓata yini guda a layin gwaji da a ɗauko ka a kan babur ba ka san inda kake ba.

Mushe kuwa, addini ya riga ya raba mu da cinsa, amma taɓawa ma haɗari ce. A ƙarshen 2004 da farkon 2005 an tsinci gawar cimpanzi uku da goggon biri ɗaya a gefen arewacin wannan daji, bincike ya nuna wani nau'in ciwon saifa ne ya kashe su. A maƙwabciya Kwango, ɓarkewar Ebola tsakanin 2001 da 2005 ta sha farawa daga mafarautan da suka taɓa gawar namun daji. Ƙyandar biri ma ta wannan hanya take shigowa gida. Ka ga mushe, kada ka taɓa, ka hana yara, ka sanar da ma'aikatan gandun daji.

Saran maciji: kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Kogi kuma, idan ya cika ba ya wasa. Kada a cika wa kwalekwale kaya, kada a yi fito da duhu, kuma ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin.

Batun fili. A dokar Kamaru ta 1974, takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira titir fonsiye, ita kaɗai ce shaidar cewa fili naka ne, kuma cinikin fili mai takarda a gaban noter, wato jami'in doka mai tabbatar da takardun ciniki, ake yin sa. Takardar da aka rubuta da hannu a gaban shaidu tana hana rigima tsakanin maƙwabta, amma ba ta mallaka maka ƙasa ba. Cikin gandun daji kuwa ba ya sayuwa ko kaɗan. Shawarata ga sabon zuwa ita ce ya fara da haya, ya ga damina biyu ta wuce. Ka gaida sarkin gari, ka tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka yi gini sama da nan, nesa da dogayen itatuwan da iska ke kayarwa. Masai ya kasance a gangare, aƙalla mita 30 daga rijiya. Buhunan shinkafa da gari a ɗora su a kan katako, domin laima tana lalata kaya cikin makonni.

Masu yawon buɗe ido ba su da yawa, amma suna zuwa, wasu don dutsen Buwamir da ke cikin dajin, wasu don tsuntsaye da birai. Mai shago yana iya cin albarkacinsu: ruwan gora, batir, takalmin roba, abinci mai tsabta. Shiga dajin sai da izinin ofishin gandun daji da ɗan jagora, kuma 'yan Baka sun san dajin fiye da kowa, a biya su haƙƙinsu cikakke, a nemi yardarsu kafin a ɗauke su hoto. Mai mura ko tari ya haƙura da shiga, domin murar mutum tana iya kashe goggon biri. Wanda ya yi sa'ar ganinsu ya tsaya nesa, aƙalla mita 7, da takunkumi a fuska. Idan kuma wani ya kawo maka hauren giwa, ɓawon ɗankunya ko aku ya ce ka kai masa Yawunde, ka ƙi. Doka ta hana, kuma wanda aka kama da kayan a hannu shi ke shiga kurkuku.

Ranar da ka sauka, kafin ka jera kaya a kanta, je ka ga cibiyar lafiya ta garin da idonka. Ka tambayi ma'aikacin wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafin maciji da jinin ƙari. Ka karɓi lambar mai babur biyu, ka ware kuɗin mai da na magani a wuri ɗaya, ka nuna wa uwargida inda suke.