Waiwaye: Fantastic Four na 2015, fim ɗin da daraktansa ya guje shi

Ranar 6 ga watan Agusta 2015, ana gobe za a fara nuna sabon Fantastic Four a gidajen silima na Amurka, daraktan fim ɗin, Josh Trank, ya hau Twitter ya rubuta cewa shekara guda baya yana da wani zubin fim ɗin mai kyan gaske, wanda da wuya wani ya taɓa ganinsa. Bai jima ba ya goge, amma jaridu sun riga sun kwashe. Mai kaya ne da kansa ya kushe kayansa tun ba a buɗe kasuwa ba.

Abin da ya biyo baya bai zo da daɗi ba. An kashe kusan dalar Amurka miliyan 120 wajen yin fim ɗin, ban da kuɗin talla, abin da ya dawo daga duniya kaf bai wuce miliyan 168 ba, kuma kusan rabin irin wannan kuɗi masu gidajen silima ke riƙewa. A Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin finafinai, kashi 9 cikin ɗari na masu sharhi ne suka yaba. Ƴan kallon da CinemaScore ya tambaya a ƙofar silima suka ba shi C-, makin da finafinan jarumai ba safai suke faɗawa ba, tunda wanda ya sayi tikitin daren farko yawanci masoyi ne. Da shekara ta zagayo aka ba shi kyautar Razzie ta fim mafi muni, kunnen doki da wani.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan ya girmi Trank nesa ba kusa ba. A 1961 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiri jaruman huɗu a mujallar zane ta Marvel: Reed Richards mai jiki na talewa, Sue Storm mai ɓacewa, ƙaninta Johnny da ke kamawa da wuta ya tashi sama, da Ben Grimm wanda jikinsa ya koma dutse. A 1986 wani furodusa Bajamushe, Bernd Eichinger na kamfanin Constantin, ya sayi izinin mayar da su fim. Irin wannan yarjejeniya tana tafe da sharaɗi: in wa'adi ya cika ba ka fara ɗauka ba, haƙƙin ya koma hannun mai shi. Wa'adin Eichinger zai cika a ƙarshen 1992 alhali bai haɗa kuɗin babban fim ba, sai ya nemo Roger Corman, gwanin fim mai arha, suka kunna kamara cikin watan Disamba da kusan dala miliyan ɗaya. An gama aiki, ƴan wasa har sun shiga yawon talla, amma ba a taɓa sakin fim ɗin ba. Dama ba don ƴan kallo aka yi shi ba, don takarda aka yi.

Daga baya Constantin ya haɗa kai da 20th Century Fox, Tim Story ya ba da umarnin fim biyu, na 2005 da na 2007, kowanne ya kawo wajen dala miliyan 300. Su ne muka sani a Damagaram. A faifan CD suka zo mana da muryar Faransanci, da sunan Les 4 Fantastiques, kuma yaran Birni da na Zango da suka taso a lokacin ba su manta da Chris Evans, a matsayin Johnny, yana tsokanar mutumin dutse ba. Masu sharhi ba su yaba su sosai ba, masu karanta mujallar kuma sun ji haushin yadda aka mayar da Galactus, dodon da ke haɗiye duniyoyi, wani gajimare marar fuska. Duk da haka finafinai ne masu haske da raha, ana kallo ana dariya.

A 2009 Disney ya sayi Marvel a kan dala biliyan 4, a daidai lokacin kuma Fox ya sanar da cewa zai sake gina Fantastic Four daga tushe. Ba sai an yi duba ba kafin a gane dalili. A 2012 Fox ya yi jinkiri a kan Daredevil, wani jarumin Marvel, haƙƙin ya suɓuce ya koma gida, ba zai yarda a maimaita masa ba. A wannan shekarar aka ɗauko Trank, matashin da fim ɗinsa na farko, Chronicle, ya ci dala miliyan 12 ya kawo sama da 120. Shi kuwa fim mai duhu yake so, labarin matasan da jikinsu ya rikiɗe suna kallo, su ɗauki baiwar a matsayin ciwo. Kamfani ya amince da baki, daga baya ya ga abin da aka ɗauko ya ji tsoro, aka sake kiran ƴan wasa a farkon 2015 don ɗaukar sababbin fitowa.

Kafin nan wata rigimar ta riga ta cika intanet. An ba Michael B. Jordan, baƙar fata, matsayin Johnny Storm wanda a zane farar fata ne, wasu suka yi ca a kansa, har sai da ya rubuta musu amsa a mujallar Entertainment Weekly. A nan garin wannan zance bai samu mai saye ba. Wanda ya saba jin jarumin Indiya yana Hausar Kano a fassara, launin mai tashi da wuta ba zai hana shi barci ba. In ma akwai wani abu, murna aka yi. Kuma da fim ɗin ya fito, can Amurkar ma an daina maganar launi, domin akwai abin kuka da ya fi shi.

Mu dai ba ta tikiti ya iso mana ba. Ta rumfunan masu tura fim ya zo, irin waɗanda ke gefen Kasuwar Dole: yaro da kwamfutar cinya, wayoyin caji a harɗe a kan tebur, ka miƙa katin salularka ya cika maka. Daga nan sai fada, ana jiran shayi na biyu ya nuna, kawuna biyar a kan gilashi ɗaya. Ma'aunin fada kuwa a fili yake: wane ne akta, wane ne bos, yaushe za su haɗu. Fim ɗin minti 100 ne, kusan rabinsa ya tafi a ɗakin bincike ana ɗaura na'ura. Nan za ka ji ƙarami ya juya ya ce, "Yaya, anya ba rabin fim mai turi ya ba ka ba?" Bos ɗin, Victor von Doom, wanda masu karanta mujalla ke sawa cikin manyan mugayen Marvel, sai can dab da ƙarshe ya dawo daga wata duniya da ake kira Planet Zero. Ya ratsa wani lungu yana fasa kawunan mutane da kallo, fitowar da ta fi kowacce tayar da tsigar jiki, sannan cikin ƴan mintoci aka gama da shi. Mutumin dutse ko wando ba a sa masa ba, abin da ya ba dattijan fada haushi ya ba yara dariya.

Ɗinkin ma a waje yake. Ku dubi gashin Kate Mara, mai fitowa a matsayin Sue, wadda samari ke ce wa mai layar zana: a wata fitowa nata ne, mai ɗan duhu a gindi, a ta gaba ya koma gashin kanti mai sheƙi, wani lokaci a cikin zance guda. Gashin kantin shi ne shaidar wuraren da aka sake ɗauka. Ga kuma rubutun nan da ke faɗowa tsakiyar fim cewa shekara ɗaya ta wuce, ya tsallake daidai abin da mutum ya zauna don ya gani, wato yadda suka koyi zama da sabon jikinsu. A tallan fim ɗin an nuna an jefo mutumin dutse daga jirgin sama cikin sansanin abokan gaba. A cikin fim babu wannan fitowa.

Akwai masu kare shi har gobe, kuma ba su rasa hujja ba. Wurin da Reed ya farka ya ga an miƙe hannuwansa a kan gado, yana jin Ben na kiransa daga wani ɗaki, fim ne na gaske, na tsoro da tausayi. Sai dai ban yarda da masu cewa wata gwanintar ce kamfani ya binne ba. Tun rabin farko, wanda kowa ya yarda hannun Trank ne ya fi yawa a ciki, mutanen huɗu ba su yi kama da dangi ba, alhali zumunci da faɗan cikin gida su ne jarin labarin tun 1961. Sue ma ba a tafi da ita waccan duniyar ba, a gaban kwamfuta baiwar ta same ta. Ra'ayina shi ne wa'adin takarda ya sa aka fara fim kafin a daidaita a kan irin fim ɗin da ake so, ciwon 1992 ne ya dawo, wannan karon da kashe kuɗi ninki ɗari.

Kashi na biyu da aka sa wa rana a watan Yunin 2017, Fox ya cire shi daga jadawali tun kafin 2015 ta ƙare. Marvel kuwa ya dakatar da mujallar Fantastic Four a wannan shekara, bai dawo da ita ba sai 2018. Jordan bai yi asara ba: Creed ya fito bayan wata uku, Black Panther ya biyo a 2018. Trank bai sake fitar da fim ba sai Capone a 2020. A watan Maris 2019 Disney ya kammala sayen Fox a kan dala biliyan 71, haƙƙin ya koma gida, aka fitar da The Fantastic Four: First Steps na Matt Shakman a watan Yulin 2025, ya haura dala miliyan 500, Galactus kuma ya fito da fuskarsa da hularsa. Doom an ajiye shi sai Avengers: Doomsday, kuma Robert Downey Jr. aka ba.